Duwatsun Kawu a Bakin Layi

Daga Allah muka fito, gare shi za mu koma, da wanda aka yi wa ƙarya da wanda ya yi ta. Kawuna, wan mahaifiyata, ya cika bayan an gama yankan hatsi, damman gero ma ba a gama kai su rumbu ba. Garinmu yana gindin dutse tsakanin Buza da Tabotaki. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba zan faɗi sunan kowa ba. Waɗanda maganar ta shafa sun san kansu.

An yi jama'a. Ban zaci haka ba ga mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gaida mutane suna amsa masa da hanci. Tsofaffin 'yan ƙwallon da ya horar sun zo, wasu daga Tamaske, wasu daga Galma, duk sun yi tumbi da furfura. Mai tsaron gidan ƙungiyarmu na da, wanda yanzu direba ne a hanyar Madawa, ya tsuguna bakin kabari yana kuka har sai da aka ɗaga shi. Wannan kukan na yarda da shi. Liman ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, jama'a suka ce ƙwarai, ƙwarai. Ni ina tsaye ina kallon masu rige-rigen kama makara. Da yawansu su ne waɗanda in Kawu ya shiga sahun salla suke matsawa su bar fili tsakaninsu da shi, kamar mai ƙazuwa. Ranar nan har bugun kafaɗa suke don su samu su taɓa shi.

A zaure, kan tabarmar gaba, mijin ɗiyar Kawu ne ya zauna yana amsar gaisuwa. Alhaji ne, dillalin albasa, kuma shi ne shugaban komiten ƙwallo na garin. Ya sha babbar riga fara, tasbaha a hannu. Kowa ya shigo sai ya ce masa, "Mun yi rashin uba. Uba na gaske." Sai ya goge ido da hannun riga. Aka shiga cikin gida aka gaya wa mahaifiyata cewa surukin yana ta kuka a zaure. Tsohuwar ta ce, "Ku kai mai ruwa shi sha. Ya yi aiki."

Wannan surukin ne ya tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a, gaban jama'a, ya ce Kawu matsafi ne. Aka binne Kawu da maganar a kansa, ba a janye ta ba. Shi ya sa nake rubutu. Ni ba mai karatu ba ne, ajin ƙarshe na firamare aka kore ni daga lakwal. Amma masu karatun garinmu sun sha fura a zauren surukin, bakinsu ya yi nauyi. To ga nawa, a karkace.

Kawu ɗan gidan Azna ne, masu addinin gargajiya. Ba abin ɓoyewa ba ne, rabin garin haka suke in an tona. Kakanmu shi ne yake jan farautar gari a zamaninsa, ya musulunta da girmansa, Kawu kuma ya tashi da salla. Gajere ne, baƙi, ba ya son magana. Kullum da goro a kumatu da ɗan buhu a kafaɗa. Ya yi ci-rani a bakin teku yana saurayi, can ya ga ƙwallo ta shiga ransa. Shi kansa bai taɓa iya bugawa ba. In ya ɗaga ƙafa sai takalmin ya riga ƙwallon tashi, mu yi ta dariya, shi ma ya yi. Amma ido gare shi. In muka je Buza ranar kasuwa muka shiga gidan kallo, kowa yana bin ƙwallo da ido, shi yana kallon waɗanda ba su da ita. A ci, gida ya kaure da ihu, shi sai ya taɓa ni ya nuna wani can gefen tele wanda ko taɓa ta bai yi ba, ya ce, "Wancan na yac ci."

Abin da ke cikin buhun nan duwatsu ne. Duwatsun Adar na banza, irin waɗanda muke kwashewa daga gona muna zagi. Farare da jajaye. Fararen mu ne, jajayen abokan karawa. In zai yi mana bayani sai ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu ya jera su. Ranar koyo kuma, kafin mu zo, yakan zaga filin ya aza dutse a duk inda yake son mutum ya tsaya. Ka zo ka tarar da dutsenka yana jiranka. Kana iya barinsa ka je aiki, amma in ka bar shi wani ya zo ya tsaya a kai, kai kuma ka koma na wancan. Dutse bai zama babu kowa. Ranar wasa da baƙi duk yakan kwashe su, don lokacin sun riga sun shiga kanmu.

Ni dutsena yana bakin layi, hannun dama. Da aka kore ni daga lakwal na zama ɗan zaman tasha, ba gona ba sana'a, mahaifina ya daina yi mini magana. Kawu ya zo ya kama ni a wuyan riga ya kai ni fili. Ba ni da gudu, ba ni da yanka. Na gaya masa haka. Ya ce, "Na sani. Tsayuwa nika so, kai ko ka ƙware da ita tasha." Ya nuna mini layi ya ce diddigena ya taɓa shi. Na ce in ƙwallo ba ta zo ba fa? Ya ce, "Ka tsaya." Na ce in ana ɗauki-ba-daɗi a tsakiya, 'yan uwana suna shan wuya? Ya ce, "Ka tsaya inda na aje ka, ɗan ƙanwata. Mai tsaronka bai iya barin ka, bai iya zuwa gare ka. Kana tsaye ka cire musu mutum guda."

Abokan gabarmu na asali su ne 'yan Bayan Dutse, ƙauyen da ke ƙetaren tsauninmu. Dogaye ne, majiya ƙarfi, masu sassaƙar dutse. Sun san ba su kai mu iya taɓa ƙwallo ba, sai suka samo dabara. Da an busa usur, dukansu su koma gaban gidansu su yi layi biyu, kafaɗa da kafaɗa, su bar mutum ɗaya can gaba yana jiran tsautsayi. Ka ɗaga ƙwallo sama, su sa kai su mayar. Ka yanka ɗaya, biyu su tare ka. Su ja wasa har a tashi babu ci, a je penalti, mai tsaron gidansu kuma dogo ne kamar giginya. Da haka suka fitar da mu a gasar bakansi, ta lokacin hutun makaranta, har sau biyu kafin a ba Kawu ƙungiya. Garinmu ya sha gori. Ko budurwa ka je nema can sai ta tambaye ka ko ka samu ƙofa.

Da muka sake haɗuwa da su, kafin ranar Kawu ya tara mu gindin bagaruwa ya ba mu labarin farauta. Ya ce zabin daji in sun ji mutane sukan shige sarƙaƙiya su lafe. Yaro shi ne yake kutsawa ciki da sanda, ƙaya ta yage shi, ya fito hannu wofi. Ya ce kakanmu ba haka yake yi ba. Yakan aje mutum a wannan ƙarshen, mutum a wancan, su yi tsit. Wasu su tsaya baya don abin da zai kuɓuce. Sai a yi ta motsa gefe guda, a yi ta motsawa, har zabin su taru su tura juna zuwa ɗaya gefen. "Ba ka shiga ka same su," in ji shi. "Kana sa su motsa. In sunka motsa, rami ya buɗe."

Ya jera jajayen duwatsu cunkus gaban gida. Ya aza fari ɗaya a layin hagu, ɗaya a layin dama. Ya bar uku a baya da ɗaya gabansu, ya ce su waɗannan ko gari na ci da wuta kada su haura. Ya cusa biyu a tsakanin layukan jajayen nan, inda ba na baya ba ne zai tsare su, ba kuma na gaba ba. Ya ce a yi ta buga ƙwallo a ƙasa ta hagu, gajere gajere, a kai a dawo, har jajayen su gaji da kallo su gangaro can. Ya tura su da gefen hannu, duk suka taru hagu. Fari ɗaya ya rage shi kaɗai a dama. Ya ɗaga kai ya dube ni.

Ranar wasa na sha zagi tun daga mutanenmu. Rabin farko ban taɓa ƙwallo ba sai da hannu, wajen jefa ta in ta fita. Wani baffana yana bayana yana cewa, "Wanga an kawo shi gadin layi na? Ku ba shi tabarma." Mata suna ce mini turke. Da aka tafi hutun rabi babu ci, manyan gari suka yi caa a kan Kawu, a cire turken nan a sa mai gudu, a ɗaga ƙwallo sama a bi ta da ƙarfi. Kawu yana tauna goro. Abin da ya ce mana kawai shi ne, "Sun fara hwaɗa da junansu. Ku ci gaba."

Gaskiyarsa. Mutumin da yake tsare da ni ya gaji da tsaron wanda ba ya komi. Tun yana waiwayena har ya daina. Ana ta taɓa-taɓa a hagu, 'yan uwansa suna kiransa ya matso, ya matsa taki kaɗan, ya ƙara. Sai na tsakiyarmu ya juya ya aiko mini da ita doguwa. Na tare, fili gabana kamar gonar da aka girbe. Mutumin ya taho a guje, hankali tashe. Da ya fito, tsakaninsa da na kusa da shi ya buɗe, ɗaya daga cikin biyun nan namu ya zura ta ramin. Na tura masa a ƙasa. Ya kai har layin ƙarshe, dogayen nan duk suka ruga bakin gida suna jiran ta sama. Bai ɗaga ba. Ya mayar da ita baya a ƙasa, inda wani namu yake tahowa a makare, shi kaɗai, ba mai kallonsa. Ko ƙarfi bai sa ba. Bayan wannan dole suka fito neman ramuwa, katangar ta watse, sauran ba labari ba ne. Baffan nan da ya ce a ba ni tabarma shi ya ɗauke ni a kafaɗa.

Kusa da tashi wani ɗan bayansu ya faɗi ya karye a ƙauri. Asibiti sai Buza, mota babu. Kawu kuwa ɗori gadon gidansu ne. Ya bar mu muna murna ya je ya tsuguna kan yaron mutane, ya sa aka yanko kara, ya ɗaure ƙafar. Ya sa aka kai shi ɗakinsa, matar Kawu ta yi ta dama masa fura har ya taka. Kafin ya koma gida Kawu ya zaunar da shi ya jera masa duwatsun, ya nuna masa yadda aka ci su. Muka ce, Kawu, ka ba abokin gaba makami. Ya ce, "In sunka gyara, mu ma mu gyara. Wasa da wanda bai sani ba babu daɗi."

Shekarun da suka biyo kofi ya san hanyar garinmu. Sai surukin ya yi kuɗi a albasa, ya sayo mana mayo, wato rigunan wasa, da takalma, aka ba shi shugabancin komite. Yana da ƙane, ɗan gaye, mai yanka. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya. Amma in ƙwallo tana gabas yana gabas, in tana yamma yana yamma. Kawu ya ba shi dutsen hagu. Yaron ya ce shi ba gunki ba ne. Kawu ya ce to ya zauna waje ya kalli gumaka suna ci. Aka buga wasan ƙarshe na gasa yana zaune a benci, gaban 'yan matan gari, wansa yana rumfar manya. Muka ci kofi, amma surukin bai zo an ɗauki hoto da shi ba.

Bayan 'yan kwanaki, wajen koyo, yaron ya zo da fushi ya shuri dutsen hagu da ƙafa ba takalmi. Yatsa ya fashe. Bai wanke ba, ya ci gaba da yawo cikin ƙasa, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, ya kwanta. Shi ke nan surukin ya samu abin da yake nema. Ranar Juma'a, an sallame, mutane suna neman takalma, ya ɗaga murya. Ya ce jama'a su yi hattara da 'ya'yansu. Ya ce wa ya taɓa ganin ana cin wasa da mutanen da suke tsaye? Ya ce duwatsun nan ba banza ba, ana zuwa a aza su tun babu kowa a fili, farare da jajaye, kuma kowa ya san abin da ake yi da fari da ja a gidan da tsohon ya fito. Ya ce ƙanensa ya taɓa ɗaya, ga shi kwance. Ya rufe da cewa, "Gadon gida na. Salla ba ta wanke shi ba."

Kawu yana nan, takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Kowa ya juya yana jiran ya yi magana. A garinmu suruki ba ya sa-in-sa da suruki. Ko hanya suka haɗu ɗaya yakan ratse, ko sunan juna ba su kamawa. Wancan ya take wannan kunyar da takalmi, Kawu bai take ba. Ya sa ɗayan takalmin ya tafi gida. Mutane suka ce ai ga shi nan, bai musa ba.

Ƙafar yaron ta warke da allurar likita, amma ba wanda ya koma ƙofar masallaci ya faɗi haka. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Komite ya aiko a gaya wa Kawu ya huta. Masu kawo masa karaya suka koma kai ta wani gari. Ɗorin ma da ya yi wa ɗan Bayan Dutse aka ce ai da ma da wani abu a ciki. Ni na bar ƙwallo ranar da aka sallame shi. Na je har rumfar albasar surukin na zage shi ta uwa ta uba, aka kai ni gaban mai gari, aka ce in ba da haƙuri, ban ba ba. Kawu ya kira ni ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba. Ya ce ba ruwana.

Bai bar masallacin ba. Yakan tsaya can ƙarshen sahu, jikin bango, don kada ya wahalar da kowa da matsawa. Ranar wasa yakan hau kan dutse ya zauna daga nesa yana kallo. Abin da yake gani kuwa abin kunya ne. Ƙungiyar da ta koya wa ƙasar nan buɗe katanga ita ce ta koma katanga. Ba mai gaya musu inda za su tsaya, sai tsoro ya tara su gaban gida, su yi ta dukan ƙwallo sama suna addu'ar penalti. In ya sauko nakan tambaye shi ya ya gani. Ya ce, "Yara na da ƙahwa. Wurin tsayuwa na ba su da."

Da ciwo ya kwantar da shi, wata rana da hantsi ina yi masa fifita, na tambaye shi abin da ya daɗe yana ci na. Na ce, Kawu, kalma ɗaya da ka faɗa ranar nan da ba haka ba. Ya ce, "Ɗiyata na cikin gidanai, da ɗiyanta. In na kunyata shi gaban mutane, wa za shi huce a kai?" Na ce to sunanka fa? Ya ce, "Sunana ya tsuhwa. Aurenta bai tsuhwa ba." Ya juya fuska bango. Ba mu sake maganar ba.

Ranar sadakar bakwai surukin ya miƙe cikin taro ya ce ya sayi kofi, za a buga shi bayan sadakar arba'in don tunawa da tsoho, kuma an gayyaci Bayan Dutse. Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Wato ya kashe sunan mutum yana raye, yanzu zai sa rigar sunan ya zauna a rumfa. Na shiga ɗakin Kawu na ɗauki buhun, washegari na haura tsauni.

Wanda yake riƙe da ƙungiyar Bayan Dutse yanzu shi ne mai karayar nan, ya zama magidanci, yana ɗan ɗingishi in an yi sanyi. Ya ga buhun ya gane shi. Na gaya masa abin da nake so. Ya ce, "Garinku za ka ci?" Na ce garinmu ya riga ya ci kansa. Ya tara mini yaransa. Kullum da la'asar ina haurawa, ina aza duwatsu, ina faɗin abin da aka faɗa mini da bakin da bai kai na mai shi ba. Sun sha wuya wajen koyon tsayuwa, musamman na layi, amma sun koya.

Ranar wasa fili ya cika, har kan dutse mutane. Kafin a fara na shiga tsakiyar fili da buhun, rana tsaka, na zazzage shi. Na aza kowane dutse a wurinsa, kowa yana kallo, surutu ya mutu. Na je rumfa na durƙusa gaban liman na ce, "Malam, taho ka ɗaga su ɗaya ɗaya ka duba ƙarƙashi. In akwai laya ka ƙone ta, ka ƙone ni." Tsohon ya tashi, ya bi su yana ɗagawa. Ƙasa ce da tururuwa. Ya kakkaɓe hannu ya koma ya zauna. Na kwashe abina.

'Yan garinmu suka koma gaban gida kamar yadda suka saba. Tsofaffin da suka yi zamani da Kawu suka ga mutum biyu tsaye a layi, suka tuna, suka yi ta kiran yara su tsare gefe. Yaran suka buɗe zuwa gefe, tsakiya ta zama hanyar mota, aka bi ta nan aka ci. Suka koma suka cushe tsakiya, aka ja su hagu aka juya dama, aka kai layin ƙarshe aka mayar baya a ƙasa. Ci biyu ke nan. Ina tsaye ban yi murna ba. Yaran da ake ci ɗiyan 'yan uwana ne, har da ɗan ƙanena.

Aka kawo kofi. Surukin ya riƙe shi da hannu ɗaya, mikoro, abin ƙara murya, a ɗayan, ya yi jawabin uba da haƙuri, ya miƙo mini yana murmushin dole. Na mayar da hannuwana baya.

Na ce, "Alhaji, akwai maganar da ka aje ƙohwar masallaci. Ɗauke ta tukuna."

Ya kauda mikoro daga baki ya ce, "Yau ranar addu'a ta, ba ranar tone-tone ba."

Na ce, "Ran nan ma Juma'a ta."

'Yan Bayan Dutse suka zauna a ƙasa, su da magoya bayansu, alamar ba inda za su. Direban nan, tsohon mai tsaron gidanmu, ya fito daga cikin mutanenmu ya zo ya tsaya kusa da ni. Wani ya biyo shi, wani ya biyo. Surukin ya dubi liman yana neman ceto. Liman ya ce a hankali, "Alhaji, in ka ga wani abu da idonka, hwaɗi. In ba ka gani ba, shi ma hwaɗi. Mutumin na kabari."

Ya ce, ƙasa ƙasa, bai ga komi ba.

Na ce, "Ga mikoro nan hannunka. Kai ka saye shi."

Ya ɗaga shi. Muryarsa ta fita har kan dutse. "Ban ga komi ba. Duwatsu na. Haushi na ya sa ni." Na amshi kofin da hannun hagu na miƙa wa mai karaya, na yi tafiyata.

Rabin garin ba su gaishe ni yanzu. Sun ce na sayar da gida, na kunyata babban mutum gaban baƙi. Su riƙe gaisuwarsu. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, ɗiyar Kawu, wadda don ita ya haɗiye abin nan har ya mutu.

Washegari da safe ina gyaran dangar gidan Kawu sai ga amalanken jaki, kaya a kai, ita tana biye. Na ce, "Ya kore ki?"

Taubashiyata ce, ita ɗiyar namiji ni ɗan mace, tun muna yara bawa take ce mini. Ta ce, "Wa za shi kore ni? Shina ɗaki, ya ja ƙyaure, ko kunu bai sha ba. Ni na hito."

Na ce Kawu bai so haka ba. Na gaya mata abin da ya faɗa mini yana kwance, cewa don aurenta ya yi shiru.

Ta tsaya da igiyar jakin a hannu. Ta ce, "Ran da anka yi maganar nan na ɗaure kayana. Na ce in na koma gida za a ce ko ɗiyatai an koro saboda tsahi, in ƙara mai wani abin hwaɗi. Na kwance. Shekarun ga duka don Baba nika zaune."

Ba wanda ya gaya wa wani. Shi yana can ƙarshen sahu don ita, ita tana dafa wa mutumin nan tuwo don shi, surukin yana tsakiya yana ƙiba. Ta share fuska da bakin zane ta ce, "Mi kaka kallo, bawa? Sauke kaya." Na sauke.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari, ya tsayar da shi a sahun da ba mai matsawa. An zo an ce mini tunda mutumin ya janye maganarsa in yafe. Maganar ya janye. Shekarun suna wurinsa, na uban da na ɗiyar, kuma ban ga mikoron da zai mayar da su ba. Ban yafe ba. Mu haɗu can.